Ku Tambayi Tsohon Akawu: Ba Kowane Metir Ba Ne Noter

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru: sayen fili ko gida, da wanda ake zuwa wurinsa ya rubuta cinikin. Ga wanda bai saba da shafin nan ba, na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin akawu a ofishin wani noter, wato jami'in da gwamnati ke naɗawa ya rubuta ciniki ya sa masa hatimi, a nan Garwa ta arewacin Kamaru, kafin ƙarfi ya ja baya in ajiye. Ni ba noter ba ne. Abin da na sani a kan teburin aiki na koye shi, da zaryar ofishin filaye da fayil a hammata. Kamar kullum, na sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA, daga Garwa

Baba Akawu, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwa. Shekara takwas ina tari don in fita daga gidan haya. Wani dillali da muke sallah masallaci ɗaya ya kai ni wani fili wajen Jambutu, murabba'in mita 400, an tsaya a kan sefa miliyan 5. Mai filin ya ce yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, na babban fili, nawa yankowa za a yi daga ciki, har ya nuna mini fotokofi. Dillalin ya ce kada in wahalar da kaina, suna da Metir nasu da zai zo har rumfata ranar Alhamis da takarda a shirye, in biya, mu sa hannu, kuma kuɗin aikinsa bai kai rabin na sauran ba. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina jin nauyin nuna ban yarda da su ba, don mai filin dattijo ne, sa'ar mahaifina. Yaya zan gane Metir ɗin nan na gaskiya ne?

AMSA

Ɗana, kafin komai, ranar Alhamis kada ka fitar da ko dala. Ko da sunan kafin alƙalami ne. Rashin kwanciyar zuciyar nan da kake ji, ka riƙe shi da kyau, yana da dalili.

Kalmar Metir ita ce ta fi cutar mutanenmu. Lauya Metir ne. Wisiye, mai kai sammaci da kama kaya, shi ma Metir ne. Noter Metir ne. Sannan akwai masu ɗan ofishin buga takardu da bin sawun fayil, waɗanda unguwa ke kira Metir don girmamawa, alhali babu wanda ya naɗa su komai. A cikin waɗannan duka, mutum ɗaya ne doka ta yarda ya rubuta cinikin fili a yankinmu, shi ne noter. Dokar ƙasa mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli 1974, wadda Shugaba Ahmadu Ahijo ɗan garin nan ya sa wa hannu, ta faɗa a sashe na 8 cewa duk takardar da ta ɗauke mallakar fili daga hannu zuwa hannu, in ba noter ne ya yi ta ba, ɓatacciya ce. Ba ta ce mai rauni ce da za a iya gyarawa ba. Kamar ba a yi ta ba ne. Na san inda ruɗanin yake fitowa: da yawa cikinku kuna fatauci Yola da Mubi, inda lauya ke rubuta yarjejeniyar saye, kuma a wajen Bamenda da Buya ma an saba lauyoyi ke yin wannan aiki saboda tsarin shari'ar Ingila da suka gada. A Garwa da Marwa da Ngaundare ba haka abin yake ba. Lauya nagari zai ba ka shawara, ya duba maka takardu, amma shi da kansa zai ce maka ku tafi wurin noter.

To yaya ake tantance shi? Noter ba ya naɗa kansa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi da dokar naɗi wadda ta ambaci sunansa da garin da kujerarsa take, sannan ya yi rantsuwa a gaban kotu kafin ya fara aiki. Saboda haka kotu ta san shi. Ka karɓi cikakken sunan Metir ɗin nan daga bakin dillali, ka rubuta a takarda, ka rufe rumfa na awa ɗaya da safe, ka tafi kotu. Ka nemi ofishin magatakarda, ko ofishin babban mai gabatar da ƙara na kotun ɗaukaka ƙara, wanda shi ke sa ido a kan noter-noter na yankin Arewa. Ka yi tambaya biyu: wannan suna noter ne a nan Garwa? Kuma yana kan aiki yanzu? Tambaya ta biyun kada ka manta da ita, domin wanda ya yi ritaya ko aka dakatar da shi ba shi da ikon sa hatimi, ko da tsohon allonsa na nan rataye. A garuruwanmu na arewa noter-noter ba su da yawa, ma'aikatan kotu sun san su ɗaya bayan ɗaya. Suna kuma da majalisarsu ta ƙasa mai riƙe da jerin sunayensu. Wannan bincike ba ya cin komai sai kuɗin mashin.

Ka kuma lura da garin. Filin da ke Garwa, noter na Garwa ne zai yi aikinsa. In aka ce maka Metir ɗin babba ne daga Duwala ko Yawunde ya zo wucewa, wannan ba abin alfahari ba ne, abin tsayawa ne.

Bayan kotu ta tabbatar maka, ka je ofishin da ƙafarka, kai kaɗai, ba tare da dillali ba. Ka karanta allon ƙofa, kalmar noter ce a rubuce ko wata? Ka ce kana son ganin noter ɗin ido da ido, ko da minti biyar ne. Mu akawuna mu ke tattara takardu, mu buga, mu yi zarya, amma sa hannu da hatimi da alhaki duk nasa ne. Na faɗi wannan ne domin akwai akawuna da suka bar aiki ko aka sallame su, sun san yadda ake tsara takarda har ta yi kama da ta gaske, suna yawo da jaka suna cin sunan tsohon ubangidansu. Irin waɗannan su suka fi son zuwa rumfa. Gaskiya ne noter kan fita ya je gidan marar lafiya ko tsohon da ba ya iya tashi ya karɓi sa hannu. Amma kai lafiyarka ƙalau, kuma takardar da aka ce tana shirye tun ba a ga katin shaidarka ba, ba a auna filin ba, ban san me aka rubuta a cikinta ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Noter nagari ana gane shi ne da abin da yake nema kafin ya yarda a biya. Mai gidana da na yi wa aiki, in aka shigo masa da fotokofin titir, ko karantawa ba ya yi. Sai ya ture shi gefe da bayan hannu, ya ce a kawo na ainihi. In an kawo, ya buɗe shi shafi shafi, ya duba lamba, ya duba girman filin, ya duba abin da aka rubuta a baya na yanka da jingina. Sannan ya kira ni ya ce in tafi Konsarbasiyo, wato ofishin rajistar filaye na sashen Benuwe, in nemo takardar shaidar mallaka, wadda 'yan ofis ke kira sertifika. A can akwai manyan littattafai masu kauri, kowane titir da shafinsa. Abin da ke cikin littafin nan shi ne gaskiyar fili. Sertifika ita ke faɗin sunan mai filin a yau, da ko banki ya riƙe shi jingina, da ko wani ya sa kotu ta ɗora masa alamar rigima. Kuma sabuwa ake so, wadda ba ta wuce wata uku ba. Sau da yawa na dawo daga can da labarin da ya wargaza ciniki: titir na gaske ne, amma an jinginar da shi tuntuni, ko an yanka an sayar har abin da ya rage bai kai abin da ake tallatawa ba. Masu saye kan fita suna fushi da mu, suna cewa mun cika ƙa'ida. Wasu kan dawo daga baya su yi godiya.

Naka kuwa yanka ne daga babban fili, don haka aikin ya fi tsawo. Sai ma'aunin filaye na Kadastir, ofishin awon filaye na gwamnati, ya je ya auna mita 400 ɗin, ya kafa turakun siminti a kusurwoyi, ya zana taswira, ya rubuta rahoton awo. Ranar awon ka je da kanka, ka tsaya a rana, ka taka kowane turke da ƙafarka, ka gaisa da maƙwabta ka ji ko akwai mai magana. Sannan a nemo takardar tsarin gari daga meri, wato ofishin magajin gari, wadda ke nuna ko an yarda a yi gini a wurin, ko hanya za ta bi ta kai. A garin da kogin Binuwai ke cika ya yi ambaliya kamar yadda muka gani a 2012, wannan takarda ba ado ba ce. Ni da son samu ne, kowane fili a watan Agusta za a je dubansa, lokacin da ƙasa ke faɗin gaskiyarta. Sai an haɗa waɗannan duka noter zai rubuta cinikin. In Metir ɗin dillali ya ce duk za a yi su daga baya, cinikin biri a sama ake so ka yi.

Ranar sa hannu ma tana da kamanninta. A ofis ake zama, kai da mai filin, kowa da katin shaidarsa. Ana karanta takardar da ƙarfi daga farko har ƙarshe. In Faransancinka na kasuwa ne, ka ce a fassara maka da Hausa ko Fulatanci, kuma kada ka ji kunyar cewa a maimaita. Kowane shafi ana sa masa alamar hannu. In an soke kalma, a ƙarshe ana ƙirga kalmomin da aka soke a rubuta adadinsu, don kada wani ya zo daga baya ya soke abin da ya ga dama. Takardar asali tana zama a ofis da lambarta a cikin rajista, kai kuma a ba ka kwafi mai hatimi. Shi ya sa ko gobara ta ci naka, akwai inda za a koma.

Batun araha kuwa, a nan ƙaryar dillali ta fi fitowa fili. Kuɗin da mai saye ke ajiyewa a ofishin noter ba nasa ba ne duka. Kaso mai tsoka harajin rajista ne da ke tafiya baitulmali, wani na Konsarbasiyo ne, akwai na tambur, wato kan sarki na takardu, sai ladan noter, wanda shi ma gwamnati ce ta ƙayyade ma'auninsa. Wanda ya ce zai yi maka a rabin kuɗi, ko dai ba zai biya haraji ba, ko ba zai kai fayil ɗin ko'ina ba. Araha ba ta ado. Ka ce a rubuta maka lissafi dalla-dalla kafin a fara, kowane abu da kuɗinsa. Ka kai lissafin wani ofishin noter na biyu ka gwada, babu laifi a ciki. Duk abin da ka biya, a ba ka rasidi a takarda mai sunan ofis da hatimi. Kuɗin filin kansa, ka nemi ya bi ta hannun noter, ta banki in da hali, a miƙa wa mai filin bayan an sa hannu. Kuma za a zo maka da shawarar a rubuta miliyan 2 a takarda maimakon 5 don haraji ya ragu. Kada ka yarda. Ban da cewa laifi ne, ranar da ciniki ya ɓaci aka ce a mayar maka da kuɗinka, abin da ke rubuce shi kotu ta sani.

Kada kuma ka ɗauka an gama ranar da aka sa hannu. An gama ne ranar da sabon titir ya fito da sunanka da lambarsa. Tun farko ka tambayi noter wata nawa yake ganin za a ɗauka, ka riƙa leƙawa, ka nemi a nuna maka shaidar an biya haraji an kai fayil. In ka ga ana ta ja maka rai babu bayani, ƙofar babban mai gabatar da ƙara da ta majalisar noter-noter a buɗe suke ga mai koke. Wannan ma wani bambanci ne: noter na da inda ake kai ƙararsa, mai jaka kuwa in ya kashe waya shi ke nan.

Saura maganar jin nauyi, wadda na san ita ce ta fi damunka. Kai ke biyan kuɗin takardu, don haka kai ke da zaɓin noter, kuma noter ba na mai saye ba ne ba na mai sayarwa ba, tsakani yake tsayawa. Dillali la'adarsa yake jira, ba ya samunta sai an biya, shi ya sa yake sauri. Dattijon kuwa mai yiwuwa mutumin kirki ne da bai san komai ba game da Metir ɗin. Ka je gidansa bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce: Baba, ina son filin nan, kuma ban janye ba, amma ina roƙon mu yi shi a ofishin noter, saboda 'ya'yanka da 'ya'yana kada su yi shari'a bayan ranmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki ta sauka, kuma ta ce mai rubutu ya rubuta da adalci. Ba a saukar da ita don ana zargin kowa ba. In titir ɗinsa lafiyayye ne, zai ɗauko hularsa ku tafi.

TAMBAYA, daga Marwa

Malam, ni bazawara ce, ina sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Domayo. Bara na sayi fili a bayan gari da kuɗin adashi da na sayar da awakina. Lawan ya sa hannu, shaidu huɗu sun dangwala, aka kai komisariya, ofishin 'yan sanda, aka buga hatimi. Ɗana ya ce in kai wa noter ya mayar da ita takardar gwamnati. Da na je, noter ɗin ya duba ya ce ba zai iya ba, filin ba shi da titir. Wata ta ce mini girman kai ne, ko wani abu yake so, ta san wani da zai yi mini. In je wurin wancan?

AMSA

Hajiya, kada ki je. Wanda ya ƙi ɗin nan shi ne mutumin kirki a cikin labarinki, kuma ba cin hanci yake nema ba. Sashe na 8 da na ambata a sama bai tsaya a kan noter kaɗai ba. Ya ƙara da cewa sayar da filin da ba a yi wa rajista da sunan mai sayarwa ba, shi ma ɓatacce ne, kuma mai sayarwar da noter ɗin da ya rubuta suna iya fuskantar tarar sefa 25,000 zuwa 100,000, ko ɗaurin kwana 15 zuwa shekara 3, ko duka biyun. Wanda ƙawarki ta sani, in har ya yarda ya yi, to ko ba noter ba ne, ko noter ne da ya sayar da rantsuwarsa. Ko wanne ne, takardarsa ba za ta tsaya miki a kotu ba.

Hatimin komisariya kuwa abu ɗaya kawai yake shaidawa: wane ne ya sa wannan hannu. Bai ce filin nasa ne ba. Lawan da jauro da lamido muna girmama su, kuma su suka san tarihin kowace gona, amma tun 1974 doka ba ta ba sa hannunsu ƙarfin mallaka ba. Titir fonsiye kaɗai ke da wannan ƙarfi.

Wannan magana ba a littafi na fara jin zafinta ba. Yayana, Allah Ya jiƙansa, da irin takardarki ya sayi fili a gefen garin nan. Ya zagaye shi da katanga, ya yi ɗaki biyu, ya shuka darbejiya uku a ƙofa. Takardar yana ajiye ta a cikin leda, ledar a cikin akwatin ƙarfe, akwatin a ƙarƙashin gado. Bayan shekaru, darbejiyar har ta yi inuwar shimfiɗa tabarma, sai ga wani ya zo da titir da ya haɗe wurin gaba ɗaya. Lokacin ban daɗe da fara aiki ba. Da daddare ya kira ni, ya jawo akwatin, ya warware ledar a hankali, ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya haska mini fitila. Ta yi laushi don ninki, ga dangwalen shaidu uku, biyu a cikinsu sun riga sun rasu, wanda ya sayar masa ma ya rasu. Ya ce, ƙanena, kai ka san boko, gaya mini wannan ta isa ko? Na daɗe ina kallon takardar ban ɗago ba. A gidan haya ya ƙarasa rayuwarsa. Shi ya sa in na ga irin wasiƙarki ba na iya wucewa.

Amma ke ba ki kai nan ba, kuma akwai abin yi. Da farko kada ki zuba bulo ko ɗaya tukuna. Ki ɗauki ɗanki ku je Kadastir na sashen Diyamare, a tura ma'auni ya duba ko filin ya faɗa cikin titir ɗin wani ko cikin filin gwamnati. In ya faɗa, sai ki koma kan wanda ya sayar miki tun yana raye, kuma a nan takardarki za ta yi amfani, domin shaida ce cewa ya karɓi kuɗinki. Ki adana ta da kyau. In kuwa bai faɗa ba, akwai hanya biyu. Idan dangin mai sayarwar sun zauna ko sun noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, suna da damar neman titir kai tsaye. Ana shigar da takarda ta ofishin superefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, kwamiti ya fito ya ga wurin, a cikinsa har da sarkin yankin da dattawansa biyu, a kafa turaku, a yi shela ko akwai mai ja. In titir ya fito, sai ku koma gaban noter a yi ciniki na gaskiya zuwa sunanki. Idan kuma wurin daji ne da ba a taɓa ba sai bayan wannan rana, hanyar ita ce neman gwamnati ta ba ki shi na wucin gadi, ki raya shi kamar yadda kika yi alkawari, daga baya a tabbatar miki. Duka biyun suna cin lokaci da kuɗi da haƙuri, ba zan ɓoye miki ba.

Ki koma wurin noter ɗin da ya ƙi, ki ce ya duba miki wace hanya ce ta dace da filinki. Kin riga kin gwada shi ba ki sani ba.

TAMBAYA, daga Ngaundare

Kawu, akwai gida a Sabongari da nake son saye. Titir ɗin da sunan mahaifinsu ne, ya rasu. Babban ɗan ne ke sayarwa, ya ce shi ne magaji, kuma noter ɗinsa ya ce sa hannunsa ya wadatar. Haka ne?

AMSA

Bai wadatar ba, ɗana, kuma ina shakkar noter ne ya faɗi haka. Kai ka ji daga bakinsa, ko babban ɗan ne ya gaya maka? Ka je ka ji da kunnenka. Gidan gado na magada ne duka har sai an raba. Noter na ƙwarai zai nemi hukuncin kotu na gado wanda ya jera sunan kowane magaji, da shaidar cewa ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba. Wanda dangi suka zaɓa ya kula da dukiya, kula aka ba shi, ba a ba shi sayarwa ba. Kowane magaji sai ya sa hannu, ko ya aiko da wakilci a rubuce bisa ƙa'ida, har da 'yar da ke aure a wani gari da ƙanen da ya tafi neman kuɗi kudu. In akwai yara ƙanana, rabon maraya ba ya sayuwa sai taron dangi ya amince kotu ta tabbatar. Kai ma ka yi naka binciken a unguwa: mata nawa marigayin ya bari, ɗaki nawa ke da 'ya'ya? Ka gwada abin da tsofaffin unguwa suka faɗa maka da sunayen da ke cikin hukuncin. In an tsallake ɗaki guda, wata rana za su ƙwanƙwasa maka ƙofa, kuma da gaskiyarsu.

TAMBAYA, daga Kusiri

Malam, ni ɗan Cadi ne, iyalina na Njamena, amma harkata rabi a Kusiri rabi a Garwa. Ina son sayen gida a ɗayansu. An ce in sa sunan abokina ɗan Kamaru don sauƙi.

AMSA

Alhaji, gidan da ke da sunan abokinka a littafin filaye, na abokinka ne, in ya rasu kuma na magadansa ne. Kada ka yi haka ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Dokar Kamaru ta yarda baƙo ya sayi gida da sunansa, da sharaɗi biyu da sashe na 10 na dokar 1974 ya gindaya: ban da yankunan kan iyaka, kuma sai ministan filaye ya sa wa takardar cinikin hannun amincewa, in ba haka ba ta ɓaci. Kusiri gada ce kawai tsakaninta da Njamena, don haka maganar kan iyaka ita noter zai fara ɗauko maka, kuma ina ganin hankalinka ya fi kyau ya koma Garwa. Ga gwaji mai sauƙi: ka shiga ofis, ka ajiye fasfonka na Cadi a kan tebur tun kafin a fara maganar kuɗi, ka yi shiru. In bai ambaci amincewar minista da kansa ba, ka ɗauki fasfonka ka nemi wani. In ya ambata, ka tambaye shi wane ne zai kai fayil ɗin Yawunde, kuma a hannun wa kuɗinka zai zauna kafin amsa ta dawo. Ka ce a rubuta maka amsar a cikin yarjejeniya.

Mai tambaya daga Gidar a kan kuɗin ajiyar haya da mai gida ya hana shi, wasiƙarka ta iso, tana layin farko a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.